Gidan Zanzaro a Bayan Na'ura ta Huɗu

Gwaggo, yayar babana, ita ta ɗauke ni riƙo tun ina aji uku na firamare. Ta shafe shekaru tana buga takardu a wani ofis a cikin garin Birnin Gwari, ta fara da tafireta ta ƙare da kwamfuta. Da ta ajiye aiki, wasu matan suka kama kiwon kaji, ita kuwa ta kama tara tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda mutane suka taɓa ajiyewa a gidajensu sannan suka jefar. Guda bakwai ta tara a ɗakin da ke kusa da madafa, a jere bisa benci biyu, kowace an lulluɓe ta da tsohon zane.

Kowace na'ura da abin da ke tada ta. Gwaggo na kiransa hankalin na'ura. Idan babu shi, ko an kunna ta ba ta san me za ta yi ba. Wata hankalinta na cikin kaset irin na rediyo, sai an jira kusan tsawon dahuwar shayi kafin ta farka. Wasu kuma nasu na cikin faifai mai kusurwa huɗu, da ake zura shi a wata tsaga a gabansu. Akwai wadda in ta tashi sai baƙin allo da koren rubutu da wani ɗan layi yana ƙyaftawa, yana jiran a ba shi umarni. Akwai wadda ke fito da ƙananan hotuna. Duk wannan Gwaggo na son a rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango: inda aka samo na'urar, faifan da ke tada ta, lambar hankalin nata, abin da ta fara nunawa, da ƙarar da ta yi. Ƙara ɗaya gajeriya, lafiya ke nan. Uku ko fiye, akwai ciwo a ciki.

Yanar ido ta fara rufe wa Gwaggo gani, don haka rubutun ya dawo hannuna. Aikin ya yi mini daɗi, domin ba ya bukatar in buɗe baki. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in aka kira sunana kuwa sai muryata ta maƙale. Amma ina gani. Nakan san wace malama ce ta sauya ɗan kunne, da wane ɗalibi ne ya zo da takalmin wansa. Da aka ba ni littafin sai na zuba duk abin da idona ya ɗauka a ciki.

Uku daga cikin na'urorin daga ƙauye muka ɗauko su, lokacin da hanya take biyuwa. Ta Kusasu wani tsohon malamin makaranta ne, Kirista daga kudancin Kaduna, ya ba Gwaggo kyauta, har da jakar kaset ɗinta. Ta Tabanni mun tarar kaza na ƙwai a kanta. Ta huɗu a jerinmu daga Gayam ta zo, daga gidan wani da ɗansa ya taɓa aiki a birni. A kowane shafi Gwaggo ta ce in sa sunan garin kawai. Ni kuwa na ƙara da nawa. A shafin ta huɗu na rubuta: "Gayam. Gida na uku bayan masallaci, ƙofar langa-langa shuɗiya. Shanun noma huɗu a ɗaure, kare ɗaya gurgu. Katangar gabas ta zube, an tare da ƙaya." Gwaggo ba ta iya karanta ƙananan rubutu, ba ta san yana nan ba. Abin da ta sani shi ne wanda na karanta mata daga ƙasan shafin, cewa zanzaro ya toshe ramuka biyu na bayan na'urar da laka.

"Tarihin na'ura nake so, ba na ƙwari ba," in ji ta. Amma ba ta ce in goge ba, domin dokarta ce ba a gogewa kuma ba a yage komai daga littafin.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare abubuwa suka yi tsanani. Mutanen daji suka tsare hanyoyi, aka yanke sabis ɗin waya, kasuwa ta koma rabinta. Kalmar da kowa ke tsoro a lokacin ita ce infoma, wato mai kai wa mutanen daji labarin wanda ke da shanu da wanda ya sayar da hatsi. Wanda aka kira da wannan suna, 'yan sa-kai sukan tafi da shi ofishinsu. Wasu sukan dawo. Ko wanda ya dawo, ba mai sake sayen ƙosai a ƙofar gidansa.

Gwaggo ta ce mu daina kunna na'urorin sai ƙura ta lafa. Da farantin sola ɗaya muke kunna su, yana bisa rufin ɗakin, wayarsa ta sauko ta jikin bango zuwa batir, kuma sai rana ta take yake iya ɗaukar guda ɗaya. Na ce to. Amma wata Laraba a tsakiyar damina, Gwaggo ta tafi gaisuwar rasuwa, ina duba littafin sai na ga a shafin ta huɗu na bar gurbin ƙara babu komai. Gurbin ya tsaya mini a rai. Na kunna ta, ta yi ƙara ɗaya. Don in tabbata, na kashe na sake kunnawa. Sau uku na yi haka, taga a buɗe, tagar kuma lungu take kallo.

Washegari Alhamis aka shiga Gayam aka kore shanu.

Ranar Asabar da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida aka yi sallama. Muryar mai unguwa ce, amma ba yadda ya saba yi ba, da tsokanar Gwaggo a kan kuɗin goro. Gwaggo ta yafa mayafi ta ce su shigo. Mai unguwa ne a gaba, bayansa shugaban 'yan sa-kai na ɓangarenmu, wani tsohon maharbi siriri da ba ya yawan magana. Sai mai cajin waya na bakin kasuwa, magidanci mai son a san ya san na'ura. Wasu biyu masu bindigar toka suka tsaya a zaure. Ta saman katanga na hango kawunan mata.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji mai unguwa, idonsa a ƙasa. "Magana ce aka kawo. An ce ranar Laraba an ji wayar oba-oba, irin ta mutanen daji, na ƙara a gidan nan, har sau uku. Ga kuma waya a kan rufi."

"Oba-oba? A gidana?" Gwaggo ta yi dariya. "Ranar Laraba ma ba na nan. Wata uku ke nan ba mu kunna komai ba."

Na ji rariyar ta yi mini nauyi a hannu. Ban ɗago ba.

Maharbin ya ce a buɗe ɗakin. Gwaggo da kanta ta buɗe, ta riƙa yaye zannuwan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin garin kowace kamar mai gabatar da 'ya'yanta. Mai caji ya zagaya su yana taɓe baki.

"Waɗannan ai ko 'yan gwangwan sai sun yi tunani kafin su saya," in ji shi.

"Kai da na ci tuwon sunanka," in ji Gwaggo. "Ƙaramarsu ta girme ka. Cire hannunka daga kanta."

Mai unguwa ya yi ɗan murmushi. Sai idon mai caji ya kai kan littafin, a inda na bar shi ranar Laraba, bisa na'ura ta huɗu, da biro a tsakiyarsa. Ya buɗe daidai wurin biron. Na ga leɓunansa na motsi, sannan suka tsaya.

"Baba," ya ce wa maharbin, "saurara ka ji."

Ya karanta da ƙarfi, a hankali, har na zaure suka matso. Gida na uku bayan masallaci. Shanun noma huɗu. Kare ɗaya gurgu. Katangar gabas ta zube. Bai kai ƙasan shafin ba ya ɗago.

"Ta gabas suka shiga," in ji ɗaya daga cikin masu bindigar.

Ina jin ɗigar ruwan indararo a cikin bokiti, da kukan akuyar maƙwabta. Mai caji ya juya shafi ya karanta na Kusasu, inda na rubuta cewa rumbuna biyu ne a gidan malamin kuma makullin na hagu ya lalace. Ya nuna musu layukan Turanci da lambobi da na kwafo daga allo, ya ce wannan kuma Allah kaɗai ya san me ake nufi da shi.

Gwaggo ta dafa benci. Ta juyo inda nake tsaye a bakin ƙofa, idanunta masu hazo suka tsaya a kaina na ɗan lokaci, sannan ta kawar da kai.

"Littafina ne," ta ce. "Ni na ce a rubuta."

"To Hajiya, sai ki sa takalminki," in ji maharbin. Bai ɗaga murya ba. "A can za ki yi bayani."

Mai unguwa ya fara cewa a duba shekarunta, a duba idonta, maharbin bai ko kalle shi ba. Gwaggo ta fara laluben takalminta da ƙafa a bakin ƙofa. Ƙafarta ta taɓa nawa ta wuce, ta sami ɗaya, tana neman ɗayan. Yana nan kusa da ƙafata, ina ganinsa, mai ɗinkin baƙin zare a maɗauri. Na san in ta sa shi ta bi ta zauren nan a gaban matan da ke kan katanga, ko da yamma aka sako ta an gama da ita a garin nan. Na taka takalmin da ƙafata.

"Rubutuna ne."

Ban zaci an ji ba, don ni kaina da ƙyar na ji. Amma maharbin ya juyo.

"Me kika ce, 'yata?"

"Ni na rubuta. Ba ta gani. Ba ta san da shi ba." Na ƙara da cewa, "Ni na kunna ranar Laraba."

"Rufe mini baki!" in ji Gwaggo. "Yarinya ce, ba ta san me take faɗa ba."

"Bar ta, Hajiya." Ya tsuguna har kansa ya zo daidai da nawa. Warin taba da na ganyen daji na tashi daga rigarsa. "Wa ya ce ki ƙirga shanun mutane?"

"Ba kowa."

"To don me?"

Na ce na gan su ne kawai. Mai caji ya yi tsaki. Maharbin ya miƙe, ya ce tunda ni na kunna, in sake kunnawa kowa ya ji.

Na zare faifan daga takardarsa. Rana ba ta gama takewa ba, ga hadari a gabas, ina tsoron batir ya ƙi ɗauka. In ta ƙi tashi za su ce ɓoyewa nake yi. In ta yi ƙara uku ban san me za su ce ba. Na zura faifan da tambarinsa a sama kamar yadda Gwaggo ta koya mini, na rufe ɗan marfin, na danna maɓalli. Fanka ta fara juyawa a ciki. Fitilar tsagar ta kama, faifan ya yi gurnani. Sai ƙara ɗaya, siririya. Ɗaya daga cikin masu bindigar ya ja da baya har ya bugi ƙyaure.

"Ita ce," in ji wata murya daga lungu.

Allon ya yi haske a hankali, koren rubutu ya fito layi biyu. Maharbin ya tambayi mai caji me ta ce.

Mai caji ya matsa ya karanta. "Tana tambayar yau nawa ga wata."

"Kullum haka take," in ji Gwaggo. "Agogon cikinta ya mutu. Duk tashin da za ta yi, a ganinta ana cikin shekarar da aka ƙera ta. Abin da bai san ranar da ake ciki ba shi zai kai labari daji?"

Maharbin ya fita ya bi wayar rufin da ido, ya dawo ya bi ta da yatsa har inda ta ƙare a kan batir. Sannan ya tambayi mai caji, in irin wannan na'urar za ta aika saƙo, ta ina zai fita. Mai caji ya gyara tsayuwa. Ya ce irin waɗannan ba su da layi kamar wayar hannu, sai an soka musu wayar tarho ko wata igiya a ramukan baya, kuma ana iya sokawa a cire a ɓoye, ba mai sani.

"Ba a soka ba," na ce.

Duk suka dube ni. Wannan karon muryar ta fita.

"A sa mai caji ya karanta ƙasan shafin."

Mai caji ya koma shafin, ya karanta da ɗan jinkiri: "Ramin baya na biyu da na uku, zanzaro ya toshe su da laka." A gefen layin akwai ranar da muka kawo ta gida.

Na kashe na'urar. Maharbin da kansa ya ɗauke ta ya fito da ita tsakar gida, ya ajiye bisa turmin da aka kife, ya juya bayanta ga haske. Ramuka uku ne. Ɗaya na wayar allo, ga ta nan a jiki. Sauran biyun a shafe suke da laka, sumul, kamar an yi yaɓe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya kankara da farce, ya murza garin a yatsa, ya shinshina. Ya nuna wa mai unguwa wata ƙaramar ɓula a tsakiyar ɗaya, ya ce ta nan ɗan zanzaron ya fita. Ya zaro tsinken tsintsiya ya fasa ɗayan, sai ga busassun gizo-gizo sun zubo, sun zama kamar ƙaiƙayi.

"Wannan ginin ya ga damina biyu," in ji shi. "Ba abin da ya shiga ramin nan."

"Ana iya liƙa laka," in ji mai caji.

"Kai za ka iya? Har da gizo-gizon a ciki?"

Wani ya yi dariya a zaure, ya katse. Maharbin bai yi ba. Ya karɓi littafin, ya riƙe shi a juye, don ba ya karatun boko, ya dawo gabana.

"Saura wannan. Rufe idonki."

Na rufe.

"Me ke jikina?"

Na ce layu uku a damtsensa na hagu, ta tsakiya an ɗinke ta da jan zare. Na ce maɗaurin takalminsa na dama an ɗaure shi da wayar ƙarfe. Na ce farcen babban yatsansa ya tsage. Ya ce na mai unguwa fa. Na ce maɓallin rigarsa na biyu ba irin sauran ba ne, kuma akwai alli a gwiwar hannunsa. Ba a tambaye ni na mai caji ba, amma na ce ya sa singiletinsa a bai-bai.

Wannan karon har matan kan katanga sai da suka yi dariya. Da na buɗe ido na ga maharbin na kallona, ba fushi a fuskarsa, ba kuma fara'a.

"Hajiya, 'yarki ba infoma ba ce, ke ma haka," ya ce, da ƙarfin da na lungu za su ji. Sannan ya rage murya. "Amma da wannan littafin ya faɗa hannun wasu, ya fi infoma goma. Kin gane?"

Gwaggo ta ce ta gane. Ban taɓa jin ta amsa magana da gajarta haka ba.

Sharaɗi biyu ya kafa. Na farko, duk inda aka rubuta gidan wani a yage. Ya ba ni littafin, ni na riƙa nuna wuraren, ni na yage saman shafi uku da hannuna, a hankali don kada yagar ta ci lambobin da ke ƙasa. Ya kai su murhu ya tsaya har suka cinye. Gwaggo na jin ƙarar takardar, ba ta ce komai a kan dokarta ba. Na biyu, kada a sake jin wannan ƙarar a unguwa, domin mutane a tsorace suke kuma ba kullum zai kasance a gari ba. Mai caji ya ce ai abu ne mai sauƙi, 'yar sifika ce a ciki, ya fito da sukundireba.

"Ba kai ba," in ji Gwaggo. "Ita za ta yi."

Na kwance marfin, na gano siraran wayoyi biyu, ja da baƙa, na yanke su da rezar fiƙe fensir. Haka na bi sauran da ke da murya, suna tsaye suna kallo. Kafin in gama aka fara yayyafi, suka tafi. A zaure na ji mai unguwa na cewa Hajiya a yafe.

Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Na kawo mata ɗayan na ajiye. Na jira faɗa, ko duka, ko ta ce in tattara in koma gidan babana. Ta daɗe tana sauraren ruwan.

"Gurbin ƙarar," ta ce, "kin cike shi?"

Na ce na cike.

"Nawa ta yi?"

"Ɗaya."

"To rubuta a ƙasa cewa yau an yanke mata murya. Ki sa kwanan wata. Na'urar kawai, ban ce ki rubuta singiletin kowa ba."

Kusan wata biyu maƙwabciyarmu ta lungu ba ta aiko aron rariya ba, mu ma ba mu aika gidanta ba. Daga baya ta aiko, Gwaggo ta ba da. Ba mu taɓa tambayar wa ya kai maganar ba. Shanun Gayam ba a same su ba, kuma na daɗe ina tunanin karen nan gurgu, ko ya yi haushi a ranar.

Da rani muka koma kunna na'urorin, taga a rufe. A da da kunne Gwaggo ke sanin lafiyarsu, tun kafin allo ya yi haske. Yanzu sai ta zauna a kan tabarma, ta karkata kai, ta ji fanka ta ji gurnanin faifai, daga nan shiru. Sai ta ce, "Ta tashi?" Ni kuma dole in amsa da baki, da ƙarfi yadda za ta ji, in karanta mata duk abin da ke kan allon, layi bayan layi, har lambar ƙarshe. In na yi ƙasa da murya sai ta buga sandarta a benci, ta ce in sake daga farko.